Sharhi kan kwas ɗin digiri na biyu na ba 'yan sakandare shawara a wata makarantar tauhidi a Jos

Na kammala wannan kwas, na kuma yi aiki da abin da ya koyar, ga yadda na same shi. Malamin da ke da digirin farko a fannin ilimi, yake kuma so ya yi aikin ba ɗalibai shawara a matsayinsa na Kirista, ba zai yi asarar kuɗinsa ba. Amma akwai giɓi, gara ya sani tun kafin ya sayi fom.

Ƙarfin kwas ɗin yana darasin sauraro. Ana raba aji uku-uku: ɗaya mai ba da shawara, ɗaya ya zama yaron SS2, na uku ya zuba ido yana rubutu. Bayan minti 15 sai a juya. Ana naɗar muryar a waya, a sake saurara tare, a nan kowa ke kama kansa. Wanda ya saba da wa'azi a majami'a ko taron FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista, ba ya bari yaro ya kai ƙarshen zance, ya riga ya kawo masa aya. Yaron zai ce "To, Malam, na gode," ya fita, ba kuma zai dawo ba, don bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Malaman suna kafa darasin kan Yaƙubu 1:19, mai cewa a yi hanzarin sauraro, a yi jinkirin magana, da kuma abokan Ayuba da suka zauna da shi kwana bakwai shiru. Ana koyar da tsarin Carl Rogers, masanin halayyar ɗan Adam, na karɓar mutum yadda yake, ana kuma auna shi: karɓar yaro ba sharaɗi daidai ne, amma cewa duk amsa tana cikin zuciyar mutum, wannan Kirista ba zai amince ba.

Darasin rufin asiri ma ya yi kyau ƙwarai. Tun zaman farko ake gaya wa yaro iyakarsa: in zai cutar da kansa, ko zai cutar da wani, ko ana cin zarafinsa, dole magana ta wuce ɗakin. Ana karanta Dokar 'Yancin Yara ta 2003, wadda Filato ta amince da ita a 2005. Fayil yana ɗauke da lamba, ba suna ba, yana zama a kabad mai makulli. Namiji ba ya rufe ƙofa yana tare da ɗaliba. Abin da ya fi burge ni shi ne tsawatarwa kan kai sirrin yaro taron addu'a da sunan roƙo dominsa. Wannan ɗabi'a ta kashe amana a makarantunmu da yawa.

Ga Jos, sashen raunin zuciya wajibi ne. Iyayen yaran nan sun ga rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010, akwai kuma waɗanda suka zo daga Mangu da Bokkos bayan hare-haren 2023. Ana koyar da alamu: firgita cikin barci, zabura in an buga ƙofa, maki ya faɗi farat ɗaya. Ana kuma koyar da lokacin da za a daina cewa aljanu ne a tura yaro sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar na JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, addu'a na tafiya tare da magani.

Giɓi na farko shi ne zaɓen sana'a. An taɓo rukunai shida na John Holland, masu haɗa halin mutum da sana'ar da ta dace da shi, an wuce. Alhali yawancin masu ƙwanƙwasa ƙofa tambayarsu ita ce kimiyya ko adabi ko kasuwanci bayan JSS3, da darussa huɗu na JAMB. Yaron da ke son likitanci ya bar Kimistiri a SS1 ya rufe wa kansa hanya, kuma kwas ɗin bai zaunar da kowa kan kundin JAMB ba. Sai mutum ya koya da kansa.

Na biyu ya fi damuna. A makarantar gwamnati a Jos ta Arewa, ɗalibi Musulmi zai shigo da damuwarsa, kwas ɗin kuwa ya yi kamar duk yaran 'yan ikilisiya ne. Ya kamata a koyar ƙarara cewa ɗakin shawara ba wurin jan yaro zuwa wani addini ba ne, da yadda ake haɗa kai da iyayensa ko malamin addininsa.

Kafin biyan kuɗi, a tambayi wace jami'a ce ke ba da shaidar, ko NUC, hukumar kula da jami'o'i, ta san da ita, da kuma sau nawa mai duba gwajin aiki ke zuwa makarantar da aka tura mutum ya zauna ya ga zaman da idonsa.