Tamfol ko kanbas, wanne ya fi a rumfar tsakar gida

Wa alaikumus salam Hajiya. Tsakanin tamfol na roba da yadin kanbas da kika tambaya, ni dai kanbas zan ce ki saya ki ɗinka, kuma ba labari na ji ba, shi ne a saman tsakar gidana yanzu haka.

Tamfol ɗin nan shuɗi da ake sayarwa a naɗe cikin leda na taɓa sa shi. Eh yana da araha kuma yana sabo ruwa ba ya ratsa shi, iyakar yabon da zan yi masa kenan. Roba ce, ita kuma rana cin roba take yi, kafin ki ankara ya koɗe ya fara marmashewa yana zubo miki da shuɗin gari a kan tabarma har cikin kwanon abinci. Ga zafi, a watan Afrilu da zafin gari ke haura digiri 40 in kika zauna ƙarƙashinsa kamar kina cikin tanderun gurasa. Kuma duk layin da allura ta bi ta huda shi, ta nan zai fara yagewa.

Kanbas ɗina na auduga ne, ruwan ƙasa mai haske, a Kantin Kwari na saya. Wallahi tunda aka ɗaura shi tsakar gidan ya zama wajen zama. Surukata da a da ba ta leƙowa waje daga azahar har la'asar, yanzu nan take shimfiɗa dardumarta, muna tsinkar zogale tana jan carbi tana ba yara labari, maƙociyata ma in za ta yi wa 'ya'yanta kitso nan take kawo su saboda inuwar tana da sanyi, iska na ratsa saƙar audugar ba kamar roba ba. Ruwan farko zai ɗan yi miki feshi kaɗan, kar ki tsorata, da zaren ya jiƙe kumbura yake yi ya toshe ƙofofin da kansa.

Wajen ɗinkin ne dai sai kin yi haƙuri. Ki fara jiƙa yadin ki shanya ya bushe kafin ki yanka, don auduga tana tsukewa, in kika yanka daidai awo tun yana sabo daga baya ba zai kai bango ba. Allura lamba 18 za ki sa, da zaren polista mai kauri, zaren auduga ruɓewa yake yi a waje. Keken Butterfly na ƙafa zai iya ninki biyu in kina bi a hankali kuma kin buɗe tazarar ɗinkin. Inda za ki haɗa ƙyalle biyu, na sama ya hau kan na ƙasa yadda ruwa zai gangara ya wuce ba ya shiga ta ɗinki ba, ki bi shi layi biyu. Kusurwoyi huɗun nan su ke ɗaukar duk wahalar iska, sai an ƙara musu faci, to nan kam kar ki wahalar da kekenki, ki kai wa masu ɗinkin rumfar adaidaita sahu ko kujerun mota, suna da babban inji, su ne kuma za su buga miki zoben ƙarfen da ake zura igiya, kamar duk rabin mita ɗaya. In an zo ɗaurawa gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu sosai don kar ruwa ya taru a tsakiya, kuma ki sa a yanko robar tsohon tif na babur a haɗa da igiyar, in iska ta fizga sai robar ta miƙe maimakon yadin ya yage.

Kanbas ɗin ma yana da tasa matsalar, ya fi tamfol tsada, yana da nauyi, in kika naɗe shi da danshi zai yi baƙin fumfuna da wari. Guguwar farkon damina kuma in kin ga hadari ya haɗo ta gabas gara a kwance shi.

Sai ki kula da 'yan kasuwa, ba duka ba amma akwai marasa tsoron Allah. Wani zai miƙo miki yadi mara kauri da aka cika wa sitati ya ce kanbas ne na waje, kina wankewa ya zama tsumma. Ki murje gefensa da hannu ki gani ko farin gari zai fito, ki ɗaga shi saitin rana, in haske na fesowa sosai ki ajiye masa kayansa. Wani kuma ku yi ciniki a mita ya auna miki a yadi, alhali yadi santimita 91 ne, ki tafi da tef ɗinki a auna a gabanki.

In kuɗin ba su kai na rufe duk tsakar gidan ba, ki yi ƙaramar rumfa ta kanbas a bakin kicin ko ƙofar ɗaki tukuna, in an samu hali a ƙara wani ƙyallen.