Funfunar silikon a banɗaki: a goge ko a sake sabo?

Tun da damina ta kankama a Kumasi, maƙwabta a Aboabo ke tambayata: wannan baƙin da ke fitowa a silikon ɗin gefen tayil, a goge shi da Parazone (ruwan bilic) ne, ko a ɓamɓare a sa sabo?

Wajen kuɗi, Parazone ya fi sauƙi. Ki jiƙa auduga da shi, ki shimfiɗa a kan layin, ki bari ya kwana. Amma saman kawai yake ci. Na yi haka a gidana, wurin ya yi fari tas, kafin wata guda ɗigon baƙi ya dawo, domin funfunar ta riga ta shige cikin robar. Kuma don Allah kada a haɗa Parazone da binega, iskar da ke tashi guba ce.

Sabon silikon mai maganin funfuna ya fi tsada, yana buƙatar a kankare tsohon duka, wurin ya bushe ƙarau, a sa sabon, a bar shi awa 24 ba wanka. A gidan haya mai banɗaki ɗaya, wannan ba wasa ba ne. Sai dai ya fi daɗewa, muddin ana buɗe taga a tsane ruwan.

Ɗan haya mai ɗigon baƙi kaɗan, Parazone ya ishe shi. Mai gida da silikon ɗinsa ya fara ɗagowa, ya sake sabo.