Balan-balan na hanci da muka saya wa Umma bayan gashin ciwon daji

Jama'a bari in faɗi yadda balan-balan ɗin nan na hanci ya yi mana. An yi wa Umma gashi (radiotherapy, wato ƙona ƙari da hasken na'ura) sau 35 cikin sati 7 saboda ciwon daji da ya fito mata can bayan hanci, alhamdulillah ƙarin ya lotsa, amma wata biyu da gamawa sai muka lura TV sai an ƙure murya, kana mata magana tana "na'am? me ka ce?", ita kuma tana cewa ji take kamar an dulmiya kanta cikin randa.

Likitan kunne da hanci ya leƙa ya ce ruwa ne ya taru bayan dodon kunne. Wai akwai wata 'yar siririyar hanya da ta taso daga bayan hanci zuwa tsakiyar kunne, ita ke kai iska, to daidai bakinta aka gasa, ta kumbura, majina ta yi kauri ta bushe, iska ba ta shiga, shi ne ruwa ya samu wurin zama. Ni da gaggawata na ce a huda a sa ɗan bututun nan da ake sa wa yara mana, ya girgiza kai ya ce kunnen da aka gasa ba ya saurin warkewa, sau da yawa bututun sai ya jawo zubar mugunya da ba ta tsayawa ko hujin ya ƙi rufewa. Ya ce mu fara da wanke hanci da ruwan gishiri da kuma wannan balan-balan.

Abin ba wani wahala, ɗan kan roba ne da balan-balan a jiki, ka toshe hanci ɗaya ka hura da ɗayan, iskar ta tura hanyar ta buɗe. Sau 3 a rana. Ranar farko jikoki sun sha dariya wlh, Umma ta ce a girmanta an mai da ita 'yar biki.

Gaskiya kunnen dama ya ji sauƙi, wajen sati uku ta ce ta ji "ɗas" ya buɗe, da aka sake gwajin dodon kunne likita ya ce ya fara motsi. Na hagu kam ko gezau, dama ta nan ƙarin yake, kuma an ba ta maganin ciwon daji mai suna cisplatin wanda shi can cikin kunne yake taɓawa, balan-balan ba ruwansa da wannan. Na'urar ƙara ji aka rubuta mata a ƙarshe.

Abin da ban so ba, samunsa wahala, kemis huɗu na zaga sai oda aka yi mana kuma da tsada, balan-balan ɗin na saki bayan 'yan kwanaki sai an canza. In tana mura ba a hurawa, ga shi lokacin hunturu ne, mun yi asarar kwanaki. Sannan hancin da aka gasa jini ba ya masa wuya, don haka kar wanda ya saya wa majinyacinsa sai likita ya duba ya yarda.

Abin da ke cin raina kawai shi ne ba a yi mata gwajin ji kafin a fara gashin ba, mu ma ba mu san ana tambaya ba. Ni dai tauraro 3 cikin 5 na ba shi, Umma ta ce 4 saboda yanzu tana jin kiran sallar asuba.