Kwana goma a cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska a gaɓar Meziko: abin da na biya da abin da na samu

Tun da na dawo Gombe abokan aiki suke tambayata ko kuɗin da na kashe a kan jirgin ruwan nan na Meziko sun biya, kuma da yake amsar ta fi ƙarfin gaisuwar bakin ofis, na ga gara in zauna in rubuta ta dalla-dalla. Ni malamin kiwon kifi ne, kuma yawancin aikina na fili a Dadin Kowa nake yin sa, tare da masuntan da ke su a madatsar kogin Gongola. Wani taron masana harkar kifi ne ya kai ni La Paz, babban birnin jihar Baja California Sur, a watan Fabrairu. Da aka tashi daga taron, ni da wani abokina malami daga Bauchi muka sayi gurbi na kwana goma a wani jirgi mai tafiya da iska, wanda wani magidanci ɗan ƙasar da matarsa suke zaune a cikinsa shekara da shekaru, suna ɗaukar baƙi huɗu a kowace tafiya. Ta hannun wani kamfanin dillanci na intanet muka biya, kuma tallarsa ta yi alkawarin abu biyu: za a kai mu Loreto ta ruwa, kuma za mu zauna cikin mutanen ƙauyukan gaɓa, ba kallonsu daga nesa ba.

Tsawon jirgin bai wuce mita 13 ba, kuma a cikin wannan ɗan fili aka cusa ɗakunan kwana uku, da madafa, da banɗaki biyu, da teburin da ake ci a kai ake kuma shimfiɗa taswira. Gadona yana can ƙurya ta gaba, inda mutum ba ya iya zama a miƙe sai ya sunkuyar da kai. Wanda ya saba da tsakar gida irin tamu, inda ake jan tabarma ƙarƙashin darbejiya, zai ji kamar an sa shi a akurki a kwana biyun farko. Banɗakin yana aiki da famfon hannu, kuma tun kafin a ɗaga anka uwargidan ta tara mu ta yi mana bayani ba tare da kunya ba cewa ko takarda ba a jefawa a ciki. Jiri da tashin zuciya sun kwantar da abokina yini guda cur, ni kuwa Allah ya taimake ni da sabon kwale-kwalen Dadin Kowa. Gudun jirgin idan iska ta yi daɗi bai wuce kilomita 10 ko 11 a awa ba, wato mai keke mai ƙoƙari zai iya wuce mu.

Inda jirgin ya fi koya mini abu shi ne sha'anin ruwan sha. Tankinsa yana cin lita 400, wato jarka 16 irin ta 'yan ga-ruwa, mu kuwa mu shida ne. Akwai wata na'ura da ke matsa ruwan teku da ƙarfi ta cikin wata matata mai tsananin ƙanƙantar ƙofofi har gishirin ya rabu, tana ba da kusan lita 30 a awa, amma tana shan wuta, wutar kuma daga farantan sola take zuwa, waɗanda firiji da fitilu da rediyo su ma suke jira. Saboda haka kowace safiya mai jirgin yakan duba batir kamar yadda ɗan kasuwa ke duba aljihunsa, sannan ya yanke ko yau ranar tace ruwa ce. Kwanuka da ruwan teku ake wanke su, a ɗauraye da ɗan ruwan daɗi a kofi. Mu biyu ba mu sha wahalar alwala ba, domin hukuncin tsarkin ruwan teku sananne ne a hadisi, sai mu zura guga mu ɗebo. Alƙibla ce ta ba mu aiki. Daga wannan yanki tana arewa maso gabas, saɓanin abin da jikinmu ya saba, kuma jirgin da ke kan anka juyawa yake yi da iska, har mutum ya tayar da kabbara yana fuskantar wani dutse ya yi sallama yana fuskantar wani. Mai jirgin, wanda ba Musulmi ba ne, da ya fahimci abin da muke nema, ya nuna mana yadda ake karanta kamfas ɗin da ke gaban sitiyari, kuma daga ranar ba ya kunna inji idan ya ga mun shimfiɗa darduma. Wannan ladabi ba ya cikin takardar yarjejeniya, kuma na sa shi cikin abin da na samu.

Kwana biyun farko mun yi su a tsibiran Espíritu Santo da Partida, waɗanda ke cikin tsibiran wannan mashigin teku na Kalifoniya da UNESCO ta sa a jerin wuraren gado na duniya a 2005. Jajayen duwatsu ne da busasshiyar ƙasa da dogayen itatuwa masu ƙaya marasa ganye, ga ruwa garau har ana ganin yashin ƙasa. Wurin yana da kyau, amma kowane jirgin 'yan yawon buɗe ido na yini ɗaya yana kai mutum can, don haka ba zan tsaya a kansa ba.

A rana ta huɗu abubuwa biyu suka haɗu. Na'urar tace ruwa ta fara fitar da ruwa mai zartsi, sannan hasashen yanayi ya nuna iskar arewa tana tafe. Wannan iska ita ce hunturun wannan teku, tana busowa daga Nuwamba zuwa wajen Maris, takan yi kwana biyu ko uku ba ta saurara ba, kuma da yake tekun dogo ne siriri, sai ta tara igiyoyin ruwa gajeru masu tsayi da ke dukan goshin duk jirgin da ya nufi arewa. Mu kuwa arewa muka nufa. Mai jirgin ya shige lungun San Evaristo ya saki anka, ya ce ba inda za shi. Ɗaya daga cikin sauran baƙin ya yi ta ƙorafi cewa ya biya kuɗin tafiya ne ba na zama ba, amma da na hau tudu na hango yadda ruwan mashigin da ke tsakaninmu da tsibirin San José ya yi fari fat da kumfa, na san da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kwana uku muka yi a wurin, kuma su ne suka fi kowane sashe na tafiyar daraja a wurina.

San Evaristo ƙauyen masunta ne ƙarami, yana da makaranta, da ɗan kanti, da ƙaramar matatar ruwan teku da mutanen gari suka dogara da ita, ga tsofaffin filayen gishiri a bayan tudu. A can muka sayi ruwa, muka yi ta jigilar jarkoki a kwale-kwalen roba. A nan na gane cewa abin da ake saye a irin wannan hidima ba gado ba ne, ba kuma abinci ba, mutuncin mai jirgin ne a idon mutanen gaɓa. Kafin mu sauka yara sun san sunan jirgin. Ya fito da ƙugiyoyi da batura da littattafan rubutu da aka ba shi sallahu ya sayo a La Paz, aka biya shi wasu, wasu aka musanya da kifi, ya kuma karɓi saƙon magani na wata tsohuwa don tafiya ta gaba. Saboda shi aka ba mu kujera a inuwar rumfar da ake gyaran kifi, inda na zauna awanni ina kallon yadda suke aiki da jiragensu na roba mai tauri da suke kira panga, masu injin baya irin wanda masu hali ke ɗaurawa a Dadin Kowa. Da taimakon uwargidan, wadda ta yi mana tafinta daga Sifaniyanci, na tambayi wani dattijo wa ke yanka farashi. Ya nuna wata mota mai ƙanƙara da ta biyo hanyar ƙasa daga La Paz, ya murza yatsu. Ban buƙaci tafinta ba a nan, domin ko a bakin dam ɗinmu mai ƙanƙara da mota shi ne mai magana ta ƙarshe.

Da iska ta faɗi muka ƙarasa Agua Verde, ƙauyen da ke haɗa su da kiwon awaki, inda mata ke yin cukwi da nonon akuya. Wannan gaɓa, daga San Cosme zuwa Punta Coyote, ita ce inda a 2012 aka keɓe wurare 11 na mafakar kifi, waɗanda masuntan da kansu suka ba da shawarar a hana su a ciki don kifi ya samu wurin hayayyafa, gwamnati kuma ta sa hannu. Na karanta labarin a takardun bincike, amma jin sa daga bakin mutumin da ya yarda ya bar wurin da ubansa ya yi su, yana kuma fita da kansa don ƙirga kifin da ke ciki, wani abu ne daban. Bai ɓoye mini ba cewa jiragen baƙin masunta suna satar shiga da dare, kuma sa ido ya fi ƙarfinsu. Na cika shafuka da yawa a littafina da niyyar kai wa Sarkin Ruwa da dattawan masuntanmu, domin rigimarmu ta raga mai ƙananan ido da kamun 'ya'yan kifi ba ta da nisa da tasu.

A gidan da muka sayi cukwi ne aka kawo mana wani jan abin sha mai sanyi a jug. Abokina ya kurɓa, ya dube ni ya ce, "Malam, wallahi zoɓo ne." Shi ne kuwa, sai dai babu citta babu kanumfari, kuma su suna kiransa hamaika. Meziko tana cikin manyan masu sayen busasshen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da maƙwabtansu, don haka ba mamaki abin da muka sha ya taɓa kwana a buhu a arewacin Najeriya.

Abinci a jirgin ya yi kyau gwargwado: kifi sabo kusan kullum, da shinkafa, da wake, da waina mai faɗi ta masara ko ta fulawa da suke kira tortiya. Sai dai Musulmi ya buɗe ido, domin a al'adar girkinsu ana yawan sa kitsen alade, wanda suke kira manteka, a tortiyar fulawa da kuma dakakken wake. Mun rubuta wa kamfanin dillancin wannan tun kafin mu biya, suka amsa cewa an sanar, amma da muka shiga jirgin uwargidan ba ta taɓa jin maganar ba. Ita ta koma kasuwa da kanta ta sake sayayya da man gyaɗa da tortiyar masara, ba ta karɓi ko peso ɗaya a kai ba.

Duk ƙorafina a kan dillalan yake. Tallarsu ta ce farashin ya haɗa komai, amma sai da muka biya kuɗin shiga wuraren da hukuma ke karewa, da lasisin kamun kifi wanda doka ta wajabta wa duk wanda ke cikin jirgin da ke ɗauke da kayan su, da rabonmu na man dizal. Ba su kuma faɗa ba cewa a Fabrairu iska na iya cinye kwanakin mutum, alhali duk wanda ya san wannan ruwa ya san haka. Kwanakinmu sun ƙare a Puerto Escondido, kudu da Loreto kaɗan, inda muka shiga mota muka leƙa garin na 'yan awanni, muka ga cocin mishan da aka kafa a 1697, sannan muka hau bas na fiye da kilomita 300 zuwa La Paz da kuɗin aljihunmu. Idan na haɗa waɗannan, sun ƙara kusan kashi ɗaya cikin biyar a kan abin da muka biya tun farko, kuma ga mai canza naira wannan ba ƙaramin rami ba ne. Na rubuta musu sau biyu, amsa ɗaya na samu, ita ma ta na'ura ce.

Wanda ke son ya gwada, ya nemi mai jirgi kai tsaye, ya sa a rubuta masa abin da farashi ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba, ya bar kwana biyu na rara kafin ranar jirginsa na sama, kuma ya kauce wa damina da kaka, domin lokacin guguwa a wannan ɓangare na Fasifik yana kamawa daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Nuwamba, kuma mutanen La Paz har yanzu suna ba da labarin jiragen da guguwar Odile ta nutsar a Satumban 2014. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, kuma Meziko tana da ofishin jakadanci a Abuja. Akwai intanet na Starlink a jirgin, amma ana kashe shi da dare don tanadin batir, ga tazarar awa 8 tsakaninmu da su, don haka iyalina a Gombe sun saba da kirana bayan la'asar, lokacin da ni kuma nake shan shayin safe.

Masu jirgin zan sake hawa nasu ba tare da shakka ba, kuma na karɓi lambarsu don ɗalibaina biyu da ke neman gurbin karatu a La Paz. Dillalan kuwa ba zan tura musu kowa ba. Littafin da na cika a Agua Verde yana kan teburina, kuma ranar Asabar mai zuwa zan tafi da shi Dadin Kowa, inda Baba Sarkin Ruwa ya ce in same shi bayan sallar azahar.