Sharhi kan DJI Osmo Mobile 6: na'urar da ke hana bidiyon waya rawa

A 'yan shekarun nan, da wuya a yi ɗaurin aure ko suna a unguwannin Nima, Mamobi ko Sabon Zango na birnin Accra ba a ga matasa suna ɗaukar bidiyo da waya ba, kuma babbar matsalar yawancin abin da suke ɗauka ita ce girgiza. Hoton yakan fito tas, amma da zarar mai ɗauka ya fara tafiya sai komai ya kama rawa, har mai kallo ya ji jiri. Wannan ne ya sa na sayi gimbal, wato mariƙin waya mai hana hoto girgiza, ƙirar Osmo Mobile 6 da kamfanin DJI na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ya fitar a watan Satumban 2022, kuma da ita nake aiki a hidimomin unguwa.

Na'urar tana da ƙananan injina uku: ɗaya yana kula da juyawa dama da hagu, ɗaya da sunkuyawa da ɗagawa, na ukun kuma yana hana wayar karkacewa gefe. Duk motsin da hannu ya yi ba da niyya ba, injinan suna mayar da shi nan take. Nauyinta bai wuce giram 310 ba, tana naɗewa ta shiga ƙaramar jaka, kuma da maganaɗisu wayar take mannewa a jikinta, saboda haka idan kira ya shigo ana iya cire ta a mayar cikin daƙiƙa.

A wajen kai amarya na fi ganin amfaninta. Lungunan Nima ƙunci gare su, ga kwata a tsakiya, ga mata da yara suna turereniya, kuma dole mai ɗauka ya yi tafiya da baya yana fuskantar ayarin. Duk da haka, fuskar amarya ta tsaya cak a tsakiyar hoto, har ana iya ganin zanen lallen hannunta da adon mayafinta. Akwai sanda a cikin mariƙin da ake zarowa ta kai kusan santimita 21, wadda ta ba ni damar ɗaga wayar sama da kawunan jama'a ba tare da na hau benci ba. A filin Idi ma, inda ba a son mutum ya riƙa ratsa sahu, sandar nan tana da rana.

Sai dai akwai abin da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya ba da kuɗinsa. Gimbal mai injina uku ba ta gyara hawa da saukar da jiki yake yi a kowane taku, domin ba don wannan aka ƙera ta ba. Wanda yake tafiya yana buga ƙafa zai ga hotonsa yana tsalle ko da wace na'ura ya riƙe. Maganinsa shi ne a ɗan lanƙwasa gwiwa, a sa diddige ƙasa kafin yatsu, a matse gwiwar hannu a jiki, kamar wanda ya ɗauko kwano cike da koko mai zafi. A ganina rabin kyawun bidiyon daga ƙafar mai ɗauka yake fitowa. Haka kuma wajibi ne a manna wayar daidai tsakiyarta, kuma nauyinta ya kasance tsakanin giram 170 da 290, in ba haka ba injinan su wahala, batir ya yi saurin ƙarewa.

Manhajar DJI Mimo, wadda ake sa wa waya don ta yi aiki da na'urar, tana iya bin mutum duk inda ya juya, kuma hakan yana da kyau ga malami mai karatu ko mai tallan kaya da yake ɗaukar kansa shi kaɗai. A cikin cunkoson da mata suka sa atamfa iri ɗaya kuwa, na fi amincewa da hannuna. Masu Android su lura cewa daga shafin kamfanin ake sauke manhajar, ba daga Play Store ba.

Kamfanin ya ce batirin yana kai awa shida da 'yan mintuna, wanda ya isa suna amma da ƙyar zai kai ƙarshen bikin yini guda, kuma ba ya cajin waya. Na'urar ba ta ƙara haske da dare, ba ta gyara sauti, ba ta kuma jure ruwan saman Yuni.

Wanda aikinsa zama wuri ɗaya ne, kamar ɗaukar wa'azi ko tafsiri, ya sayi mazaunin kyamara mai ƙafa uku da makirufo mai kyau, zai fi amfana. Amma mai bin ayari da ƙafa, ina ba shi shawarar ya saya ba tare da shakka ba. Idan a shagunan waya na Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, zai saya, ya tafi da wayarsa, ya sa a ɗora ta a kunna a gabansa, ya zaga cikin shagon yana ɗauka kafin ya biya.