Etymonline: ga masu son sanin asalin kalmomin Turanci

Jama'a duk mai koyar da Turanci ko yake shirin WAEC ya leƙa shafin nan Etymonline, kyauta ne, wani Ba'amurke Douglas Harper ya buɗe shi tun 2001. Ni bayanau ne suka kai ni, wato adverb ɗin nan da aka haddace mana a firamare ba tare da an faɗa mana daga ina suka fito ba. Ashe wutsiyar -ly ta quickly da slowly daga tsohuwar kalmar lic take, mai nufin jiki ko siffa, dangin like ce. Very kuma aro ce daga tsohon Faransanci, verai, ma'anarta gaskiya. Wadda ta fi ba ni dariya soon, a da nufinta nan take, yanzu ko mutum ya ce maka soon sai ka nemi tabarma ka zauna.

Shafin baya cin data sosai, a ƙaramar waya ma yana buɗewa. Amma fa ba ƙamus ɗin koyo ba ne, Turancinsa da nauyi kuma misalan jimla kaɗan ne, ɗan JSS zai sha wuya in ba malami a kusa.