Na biya kuɗin wata na tashar sharhin siyasar Amurka, ga yadda na same ta

Jama'a wata biyu ke nan ina biyan wani bawan Allah da yake turo sharhin murya da Hausa a Telegram kan siyasar Amurka, kuma gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba. Da ni a tunanina 'yan Rifablikan duk bakinsu ɗaya, ashe rikicin cikin gida ne ke cinsu. Shi ya warware min yadda 'yan jam'iyyar su 8 suka haɗa kai da 'yan Dimokurat suka tsige Kevin McCarthy daga shugabancin majalisar wakilai a Oktoban 2023, abin da ba a taɓa yi ba, da yadda 'yar majalisarsu Liz Cheney ta sha kaye a zaɓen fidda gwani a jihar Wayomin a 2022 don ta ja da Trump kan harin da magoya bayansa suka kai majalisar dokoki ran 6 ga Janairun 2021.

Wanda ya fi burge ni shi ne na hirar da ɗan jarida mai ra'ayin riƙau Tucker Carlson ya yi a 2025 da Nick Fuentes, yaron nan mai ƙyamar Yahudawa a fili, wallahi ina wanke mota ina ji har ruwa ya ƙare a bokiti ban sani ba, mai tashar ya bi ta dalla-dalla, su mai sharhi Ben Shapiro da Sanata Ted Cruz suka yi ca a kan Carlson, shugaban cibiyar bincike ta masu ra'ayin riƙau, Heritage, kuma ya fito ya kare shi, gidan nasu ya yamutse.

Matsalarsa surutu, gaisuwa kaɗai sai ta ci minti biyar, kuma janareto na kuka a bayansa. Malam a sayi makirfo don Allah. Tauraro 4 na ba shi.